Taki a Gindin Ɓaure: Kada Mu Ƙone Abin da Ƙasa Take Jira

Karatu: Luka 13:6-9, Farawa 2:15, Yohanna 6:12



A wannan makon muna so mu yi magana a kan wani abin da ba a cika jin sa daga bagadi ba, wato taki. Ra'ayinmu shi ne: duk ikilisiya ko unguwar da take da lambun haɗin gwiwa, ko da ɗan fili ne a bayan ɗakin sujada, ya kamata ta sami ramin taki a gefensa, kuma matasa ne ya dace su riƙe wannan aiki. Mun san wasu za su yi dariya, wasu su toshe hanci. Muna roƙo ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, sa'an nan ku yanke hukunci.

Misalin da Yesu ya bayar a Luka 13 sananne ne. Wani mutum yana da itacen ɓaure a gonarsa ta inabi, shekara 3 yana zuwa neman 'ya'ya bai samu ba, sai ya ce a sare shi domin yana cin ƙasa a banza. Mai kula da gonar ya roƙi a ƙara masa shekara guda, ya kuma faɗi abin da zai yi a cikinta: zai tona gindin itacen, ya zuba masa taki. Ainihin saƙon misalin tuba ne da haƙurin Allah, ba za mu karkatar da shi ba. Amma ku lura da irin aikin da Ubangiji ya zaɓa ya kwatanta jinƙai da shi. Mutum ne ya durƙusa da fartanya, ya ɗebi kashin dabbobi da ruɓaɓɓen ganye, ya kai gindin itacen da kowa ya fid da rai a kansa. Masu sauraronsa manoma ne, sun san warin abin, sun san amfaninsa. In Ubangijinmu bai ji kunyar ambaton taki a cikin koyarwarsa ba, mu ma bai kamata mu ji kunyar taɓa shi ba.

Abin da muke yi da shararmu

Ku zaga unguwanninmu da yamma, musamman a hunturu. Hayaƙi ne yake tashi daga kowane lungu. Mun share ganyen mangwaro da na darbejiya, mun haɗa da ɓawon doya, ɓawon dankali, ragowar kabeji da alayyafo, mun zuba leda da robar ruwa a kai, mun cinna wuta. Abin da wuta ba ta ci ba yakan ƙare a kwata, ya toshe ta, ruwan sama na farko ya shigo mana ɗaki. Hayaƙin leda guba ne, yara da tsofaffi da masu asma su ne suke fara shan wahalarsa. A kasuwannin kayan gwari irin su Farin Gada a Jos ko 'Yankaba a Kano, duk wanda ya je ya ga yadda ruɓaɓɓen tumatir da ganyen kayan lambu suke taruwa kowace rana.

Bayan mun ƙone wannan duka, sai damina ta gabato mu kama kuka da tsadar takin zamani. Kukan gaskiya ne. Lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 farashin taki ya tashi a duniya, cire tallafin man fetur a Najeriya a 2023 da faɗuwar darajar naira kuma suka ƙara nauyi a kan ƙaramin manomi. Gwauruwar da take da kunya goma na masara a bayan gida tana kallon buhun NPK kamar yadda ake kallon mota a shagon dillali. Muna ƙone abincin ƙasa a watan Janairu, mu kuma rasa kuɗin saya mata abinci a watan Yuni.

A Yohanna 6, bayan mutum dubu 5 sun ci sun ƙoshi, Yesu ya umarci almajiransa su tattara gutsattsarin da suka rage domin kada wani abu ya lalace, suka cika kwando 12. Wanda yake da iko ya riɓanya gurasa bai yarda a bar ragowarta a ƙasa ba. Mu da ba mu iya ƙirƙirar ƙwayar hatsi ko guda, da wane dalili za mu riƙa wasa da abin da zai iya komawa abinci?

Iyayenmu sun san wannan

Kada wani ya ɗauka wannan sabuwar dabara ce da aka kawo daga Turai. Ƙauyukan da suke kewaye da birnin Kano sun daɗe ana noma gonakinsu shekara bayan shekara ba hutu, jama'a kuma maƙil, amma ƙasar ba ta mutu ba. Asirin shi ne jaki da mangala. Da rani manomi yana kai itace ko hatsi birni, ya komo da shara, toka da kashin dabbobi, ya jera su tsibi-tsibi a gona kafin ruwa ya sauka. A wurare da yawa kuma, bayan girbi manomi yakan gayyaci Fulani su sauka da shanunsu a gonarsa, shanu su ci kara su bar taki, shi kuma ya ba su hatsi. Kowa ya amfana. Yana da kyau matasanmu su tuna cewa akwai lokacin da taki yake haɗa manomi da makiyayi a tabarma ɗaya.

A Burkina Faso, wani manomi mai suna Yacouba Sawadogo ya farfaɗo da tsohuwar dabarar tona ƙananan ramuka a ƙeƙasasshiyar ƙasa, a zuba taki a ciki, a shuka a nan. Gara takan bi takin ta huda ƙasar, ruwa ya sami hanyar shiga. A Nijar ana kiran irin waɗannan ramuka tassa, kuma sun mayar da faƙo ya zama gona a yankin Tawa. A Maraɗi kuwa, wani ɗan mishan na SIM daga Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi aiki da manoma tun shekarun 1980 a kan barin kututturen itatuwa su sake toho a gona maimakon a share su. Mutanen nan biyu sun karɓi lambar yabo ta Right Livelihood a shekara ɗaya, 2018. Ɗaya Musulmi manomi, ɗaya Kirista ɗan mishan, kuma abin da ya ɗaukaka su duka shi ne sun sunkuya sun kula da ƙasar da wasu suka raina.

Yadda ake yin sa

Aikin ba shi da wuya, amma yana da ƙa'ida. Abin da yake ruɓar da shara ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, tare da tana da gara da sauran ƙwari. Kamar kowane mai rai, suna bukatar abinci, ruwa da iska. Abincinsu iri biyu ne. Akwai busasshe: busasshen ganye, ƙaiƙayi, buntun shinkafa, ɓawon gyaɗa, yankakken kara, ɗan garin katako. Akwai ɗanye: ɓawon kayan miya da na 'ya'yan itace, ciyawar da aka nome kafin ta yi iri, ragowar ganyen kasuwa, kashin kaji, na awaki da na shanu. Busasshen yana ba su ƙarfi, ɗanyen yana ɗauke da sinadarin naitirojin da suke gina jikinsu da shi. In busasshe ya yi yawa, tsibin zai zauna wata da watanni bai motsa ba. In ɗanye ya yi yawa, sai ya dame ya yi ɗoyi. A ƙiyasin ido, kwando biyu zuwa uku na busasshe a kan kwando ɗaya na ɗanye yakan yi daidai.

A zaɓi wuri mai inuwa, nesa da rijiya. Da rani a tona rami, domin rami yana riƙe danshi a lokacin da iskar hunturu take busar da komai. Da damina kuwa a tara shi a bisa ƙasa, kada ruwa ya kwanta a ciki ya hana shi numfashi. Faɗinsa da tsayinsa kada su gaza mita ɗaya, gama ƙaramin tsibi ba ya riƙe zafi. A shimfiɗa kara a ƙasa domin iska ta sami hanya. A bi da busasshen ganye mai kaurin kamar santimita 20, sai ɗanye kamar rabin haka, sai kashin dabbobi kaɗan, sai a barbaɗa ƙasar gona da 'yar toka, a yayyafa ruwa. A maimaita har ya cika, a rufe da ciyawa ko tsofaffin buhuna. Toka kam a yi hankali da ita: kaɗan tana da amfani, in ta yi yawa tana korar naitirojin ya tafi cikin iska.

A soka doguwar sanda a tsakiya a bar ta. Bayan kwana 2 ko 3 a zaro a taɓa. In ta yi zafi da danshi, aiki yana tafiya. Tsakiyar tsibi mai kyau yakan kai digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Selsiyus, kuma wannan zafin ne yake kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. In sandar ta fito a bushe da fari-fari a jikinta, ruwa ya yi kaɗan. A damƙi abin a hannu a matse: ya kamata ya dunƙule ya jiƙa tafi, amma kada ruwa ya zubo. Bayan mako 2 zuwa 3 a juya shi, na gefe ya koma tsakiya, na tsakiya ya fito gefe. A yi haka sau biyu ko uku. Cikin wata 2 zuwa 3 zai ragu zuwa wajen rabi, ya yi baƙi, ya yi laushi, yana ƙanshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa. In an yi rami uku a jere, ana juyawa daga na farko zuwa na biyu zuwa na uku, lambun ba zai rasa taki ba duk shekara.

Akwai abin da ba ya shiga: leda, kwalba, batir, gwangwani, nama, ƙashi, mai, dafaffen abinci, kashin kare da na kyanwa, bayan gidan mutum, da tsiron da cuta ta kama. Batir da roba suna barin guba a ƙasa, gubar kuma tana iya bin alayyafo ta shigo tukunya. Shi ya sa ɗebo baƙar ƙasar bola kai tsaye, ba tare da an san abin da aka zuba a ciki ba, yana da haɗari. Tacewa tana farawa ne daga madafa: bokiti ɗaya na abin da zai ruɓe, ɗaya na abin da ba zai ruɓe ba.

Abin da masu musu za su ce

Na farko zai ce takin zamani ya fi ƙarfi. Gaskiya ne. Yuriya tana da kashi 46 cikin 100 na naitirojin, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Takin da muka haɗa yakan tsaya a kashi 1 zuwa 2 cikin 100, saboda haka sai an tara fiye da tan guda, wani lokaci fiye da biyu, kafin a kamo buhu ɗaya. Mai hekta 5 na masara ba zai rayu da ramin bayan majami'a ba, kuma ba mu ce kowa ya jefar da takin zamani ba. A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka sun yarda cewa manomanmu suna zuba taki kaɗan ƙwarai, wajen kilo 8 a hekta, suka sa burin kaiwa kilo 50. Muna bukatarsa. Amma yuriya ba ta gyara jikin ƙasa. Ƙasar da ta zama rairayi zalla ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe takin zamanin ma, ruwan sama yakan wanke shi ya tafi da kuɗinka. Takin gida ne yake sa ƙasa ta yi laushi, ta riƙe danshi, tana ta dawo cikinta. Manoma sun san ƙuduji ya fi addabar gonar da ta gaji. In aka haɗa biyun, ɗan abin da aka saya yakan yi aiki fiye da yadda zai yi shi kaɗai. A fangalin latas, tumatir da yakuwa kuwa, takin gida mai kyau yana ɗaukar mafi yawan nauyin.

Na biyu zai ce zai jawo wari da ɓeraye. Wannan ba abin wasa ba ne a ƙasar da zazzaɓin Lassa yake dawowa kowane rani. An fara gane cutar a 1969 a garin Lassa da yake jihar Borno ta yau, ma'aikatan jinya na mishan ne suka fara kamuwa a rubuce, kuma ɓera ne yake yaɗa ta ta fitsarinsa da kashinsa. Amsar ita ce a bi ƙa'ida. Dafaffen abinci da nama su ne suke kiran ɓera, shi ya sa muka hana su. Duk lokacin da aka zuba ɗanye a rufe shi da busasshe ko ƙasa. Tsibin da yake da zafi, ana kuma juya shi a kan kari, ba wurin zaman ɓera ba ne. Bolar da take buɗe a bakin titi ita ce gidansa. A sa safar hannu ko a wanke hannu da sabulu bayan aiki, mai ciwo a ƙafa kada ya shiga ba takalmi.

Na uku zai ce kara da harawa abincin dabbobi ne, ana dafa abinci da kara, ana yin danga da shi, ba za a zuba su a rami ba. Mun yarda. Kada a ƙwace abincin akuya a ba rami. Akuyar ta ci, mu karɓi abin da ta bayar daga baya. Abin da muke nema shi ne wanda ake zubarwa ko ƙonewa yanzu, kuma yana da yawa. Ruwan ma ba sai na sha ba, wanda aka wanke shinkafa ko kayan miya da shi ya isa.

Na huɗu ba ya faɗin nasa da baki, amma shi ne mafi nauyi: na yi digiri, ta yaya za a gan ni da baro ina tura kashin kaji? Ɗan'uwa, 'yar'uwa, aikin farko da Allah ya ba mutum, tun kafin zunubi ya shigo, shi ne ya nome gonar Adnin ya kuma kiyaye ta. Wahala da gumi da ƙaya su ne suka zo da faɗuwa, amma kula da ƙasa ya riga su. Manzo Bulus, wanda ya yi karatu a wurin Gamaliyel, ya ɗinka tanti da hannunsa. Iliminku ne ma lambun yake bukata: wanda zai rubuta ranar da aka cika rami da ranar juyawa, wanda zai shuka fangali biyu, ɗaya da taki ɗaya babu, domin dattawa su gani da idonsu.

Me ya sa sai tare?

Gida ɗaya ba ya tara abin da zai cika rami cikin mako guda, kuma tsibin da ake cikawa kaɗan-kaɗan ba ya yin zafi sosai. Gida 20 kuwa za su cika shi a Asabar ɗaya. Mai kaji yana da kashin da ya dame shi, mai injin casar shinkafa yana da buntun da ya rasa inda zai kai, mai kayan miya tana da ragowar da take biyan yaro ya zubar mata. Matsalar kowannensu ita ce abin da ramin yake nema. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kuma shara ba ta tambayar addinin mai gida. Hayaƙin bola yana shiga tagar Kirista da ta Musulmi daidai wa daida, kwatar da ta toshe ba ta zaɓen gidan da za ta cika. A garuruwanmu da rikici ya raba unguwanni, mun yi tarurrukan zaman lafiya da yawa a ɗakunan taro. Saurayin da yake zuwa ƙofar maƙwabcinsa kowane mako ya karɓi bokitin ɓawo, ya kuma komo bayan wata 3 da damin alayyafo a hannu, yana yin wani irin wa'azi da kowa yake fahimta.

Sai dai aikin gayya yana da nasa cutar. Ranar farko mutum 30 za su zo a ɗauki hoto a sa a Facebook, ranar juyawa ta biyu sai a ga mutum 3. In takin ya nuna kuma, wanda bai taɓa shebur ba shi ne zai fara zuwa da buhu. Saboda haka a yi yarjejeniya tun kafin a tona rami: su wane ne za su karɓo shara, su wane ne za su juya, ina takin zai fara zuwa, nawa ne rabon gwauraye da marayu, me za a yi da kuɗin in an sayar. A rubuta, a karanta a gaban dattawa da Zumuntar Mata, gama iyayenmu mata ne suke riƙe da madafa, in ba su yarda da bokiti biyu ba aikin ya mutu tun bai fara ba.

Akwai kuma abin da ramin zai koya mana wanda zamaninmu yake bukata. Mun saba da taɓa waya abu ya zo nan take, muna ganin tsaranmu suna neman arzikin dare ɗaya ta caca da damfara. Taki ba ya karɓar cin hanci. Ka ba shi ruwa, ka ba shi iska, ka juya shi, ka jira. Yakubu 5:7 ya nuna mana manomi mai jiran amfanin ƙasa a matsayin gurbin haƙuri, mai kula da gonar nan na Luka 13 ma shekara guda ya roƙa, bai yi zaman jira hannu rabbana ba, ya cika ta da aiki. Wasunmu suna da ƙane ko aboki da iyali suka ce a sare, ba ya ba da 'ya'ya. Wanda ya taɓa ganin ruɓaɓɓen tumatir ya koma baƙar ƙasa mai ƙanshi zai yi jinkirin fid da rai a kan ɗan Adam.

Ga roƙonmu ga shugabannin zumunta: a taronku na gaba ku sa wannan magana a jerin abin tattaunawa. Ku nemi izinin dattawa ko mai unguwa a kan wuri. Ku zaɓi mutum 5 masu riƙon amana, ku nemi tsohon manomi guda a ikilisiya ya tsaya a kanku, gama ya fi mu sanin ƙasar nan. Ramin da aka cika a Fabrairu zai nuna kafin shuka. In Ubangiji ya kai mu godiyar kaka, bari a sami kwando ɗaya a gaban bagadi wanda ya fito daga abin da dā muke ƙonewa.

Mu yi addu'a: Ya Uba, ƙasa da dukan abin da yake cikinta naka ne, mu masu riƙon amana ne kawai. Ka ba mu zuciya mai tawali'u da hannuwa masu aiki. Ka koya mana haƙurin da kake yi da mu, ka sa aikinmu ya zama abinci ga mayunwata da salama tsakaninmu da maƙwabtanmu. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.